Kunnen Doki a Gyumri

Ba a barin iyaye su shiga zauren ces.
Muna tsaye bayan gilashi kamar masu jinya,
ƙanƙarar Gyumri na narkewa a takalmanmu,
kowa rungume da rigar sanyin ɗansa.

Tebur na sha bakwai, Arpine ce,
shekara tara, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba.
Wata uku tana haddar Kariyar Sisiliya,
taku goma sha huɗu,
a gindin murhu, a bayan bas ɗin da nake tuƙawa,
har cikin barci na ji ta:
soja gaba biyu, doki ya fito, giwa ta dakata.
Ni sunan tsibirin kawai na riƙe,
shi ma ban taɓa zuwa ba.

Hovsep ke da farare.
Ya share hanci da hannun riga,
ya tura sojan can gefe, na bakin allo,
wanda ba a taɓa yi mata zancensa ba.

Na ga hadda na tsiyaya daga fuskarta
kamar hatsi daga hujajjen buhu.
Ta waiwayo neman koci Vazgen.
Ya ba ta ƙeya, wai sanarwar bango yake karantawa.
Agogo na cin lokacinta loma-loma.

Minti sha ɗaya ba ta motsa ba.
Can ta naɗe ƙafa guda ta zauna a kai,
ta ciji gindin biro,
ta ɗauki doki, wani mai gutsurarren kunne,
ta dire shi inda ba wanda ya koya mata.

Sauran ban gane ba.
Na dai ga sojoji na raguwa,
sarauniyoyi sun faɗi tare,
shayina ya huce a kofi.
Bayan awa uku sarki biyu suka rage a fili
kamar tsofaffi bayan kasuwa ta watse.
Suka gaisa. Kunnen doki.

Ta fito da takardar wasan a cukuikuye,
kumatu ja kamar rumman.
Na ce, ina Sisiliyar taki?
Ta ce, Baba, yau ba ta can muka bi ba.

Ta karɓi gurasa da cuku, ta ci a tsaye,
ɗaya hannun kuma na sama,
yana tura wani abu a iska,
biyu gaba, ɗaya gefe.