Bene a Bagalam

Nomau dillali ya ce in bi a hankali,
matakala ta bakwai ta girme ni
kuma ba ta son baƙo.
Na taka, ta yi ƙara kamar tsohuwar da aka tasa daga barci.
Ɗaki biyu da baranda, saman tsohon kantin gyaɗa
inda yanzu teloli uku ke raba ƙwan lantarki guda.

Abokai suka ce: Laminu, lafiyarka?
Kuɗin nan, a Ali Ɗan Sofo,
fili ne fetal, da sabon bulo, da ƙofar ƙarfe mai fenti.
Me za ka yi da bangon da ya ga zuwan Nasara,
ya ga tafiyarsa, bai ko ɗaga kai ba?
Na ce to.
Tsohon direba ba ya gardama da fasinja.

Magada tara ne, sai da na haddace su kamar sura.
Ɗaya na Agadas, ɗaya na Kano,
ɗaya ya haye Libiya, wayarsa sai tsakar dare take shiga.
Habsu ta ce ba ta sa hannu
sai an ba ta turmin uwarta da ke ƙarƙashin bene.
Wata biyar ina zarya tsakanin mairi da gidan alƙali,
takarda na haihuwar takarda,
kowane hatimi da bakinsa a buɗe.
Ranar biya aka baje miliyan takwas bisa tabarma,
aka yi ta ƙirga har yawun Nomau ya ƙafe.
Shekara ashirin da shida na hanyar Kwatano
suka shige leda guda,
aka miƙo mini mabuɗi mai tsawon ludayi.

Daren farko ban runtsa ba.
Gara ta riga ni sayen azara,
jemagu na da tasu takardar a rufi,
famfo ya yi tari sau uku ya tofar da jar ƙasa.
Amma da asuba na tura taga,
ga Gulbi can ƙasa, kwance ba ruwa,
lambuna sun yi kore shar a gefensa,
ladanai uku na karo da juna,
ƙamshin ƙosan Barira na hawowa ba sallama.
Bangon nan kamu biyu ne kaurinsa,
rana ta wuni tana bugu ba ta samu shiga ba.

Da Ɗan Jimo magini ya zo kankarar farar ƙasa,
ɓawo ya faɗo, wani ɓawon ya bi shi:
shuɗi, ƙarƙashinsa rawaya, ƙarƙashinsa rubutu.
Fensir ne. Lissafin ƴan dako.
Mati, buhu talatin.
Ɗan Ladi, ashirin da huɗu.
Gonda, arba'in da ɗaya.

Na zauna a ƙasa.
Ubana Gonda ne, kuma dako ya yi,
har ya koma ga Allah wuyansa a karkace yake.
Yakan ce mana bai taɓa hawa benen ba,
a ƙasa ake tsayawa, a miƙo dala ta taga.
Sai dai Gonda a Maraɗi sun fi a ƙirga.
Ba ni da shaida,
bango kuma ba ya rantsuwa.

Ɗan Jimo ya ɗaga buroshi, na riƙe hannunsa.
Na ce shafe ko'ina, bar mini nan,
faɗin tafin hannu biyu.
Ya ce zai yi muni.
Na ce na sani.

Yanzu da la'asar nakan ɗora shayi a baranda,
kekunan teloli na sukuwa ƙarƙashin ƙafata.
Rufi na yoyo ta kusurwar gabas,
na tara masa roba, sai in na samu kuɗin kwano.
Matakala ta bakwai ta daina ƙara,
ko kuwa ni ne na daina ji.

Arba'in da ɗaya.
Ni da ledar cefane guda nake hawa,
in tsaya a tsakiya ina haki.