Bashin Bai Jiƙe Ba

A Suru Nomau ya dangwala yatsa:
buhu huɗu na taki, injin ban-ruwa guda,
a biya bayan girbi.
Jami'in ya ce daga ƙetare kuɗin suka zo,
daga wani banki mai bene ashirin
inda ba a taɓa jin kukan kwaɗo ba.

Shinkafa ta yi ciki, ta fara sunkuyar da kai.
Daren Laraba gulbi ya shigo ba sallama.
Gargaɗin ya iso ran Juma'a,
ta rediyon da aka rataye a reshen kanya.

A kwalekwale ya je gaida gonarsa.
Ya zura gora, ta nutse har gwiwar hannu.
Ɗansa Hantsi ya ce,
"Baba, ga tarwaɗa inda muka yi dashe."

Bashin kuwa bai jiƙe ba.
Yana Birnin Kebbi cikin durowa,
yana ƙiba duk sanda dala ta yi tsalle,
dalar da Nomau bai taɓa gani ba.

Tallafi ya zo: tabarma, bokiti,
mudu biyar na gero, da mai ɗaukar hoto.

Ku masu taro a ɗaki mai sanyi,
hayaƙin da ya rikita damina
ba daga murhun Hure ya tashi ba.
Me ya sa tukunyarta ce a kife?

Ruwa ya janye, ya bar laka.
Nomau na kwance injin yana gogewa,
yana ƙirga kwanakin noman rani
da yatsan nan dai da ya dangwala.