Ɗumame a Wusasa

Safiyar Lahadi Liyatu ta ƙi ɗaura ɗankwali.
"Mama, ƙararrawar nan ba ni take kira ba.
In na yi addu'a, rufin kwano kaɗai ke saurare."

Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na ji miya na neman kamawa.

Kukar ta ɗari biyu ce, daga Sabon Gari.
Ƙashin shekaranjiya ya koma tukunya,
karo na uku, bai daina ba da ɗanɗano ba.
Daddawa rabi. Rabin na gobe.

"Zo ki kaɗa min."
Ta karɓi maburgi, ido a ƙasa.

Uwata ba ta zubar da tuwon da ya kwana,
ba ta kuma cika masa wuta.
Gawayi uku, ruwa kaɗan, murfi,
sai jira.

Da muka zauna na gajarta addu'a.
Ba ta ce amin ba,
amma hannunta bai shiga kwano ba
sai da na gama.

Na jiƙa ƙanzon.
Amin ɗinta na ajiye mata
kusa da rabin daddawar.