Tsawon Ran Magani

A bushe, cikin kwalba, garin nan ba ya gaggawar tsufa.
Sai ya shekara a kan kanta yana barci,
bai san ana damina a Jos ba.
Ranar da aka ba shi ruwa ya sha,
ranar agogonsa ke tashi.

Ƙarfe biyun dare, ɗakin gwaji, bayan ɗakin yara.
Na jera kwalabe shida:
uku ruwan gishiri, uku ruwan sukari,
kowacce da lokacin haihuwarta manne a goshi.
Biyu a firji.
Biyu a kan tebur, sanyin Filato na lasarsu.
Biyu a akwatin zafi, inda na ƙera musu Yola a watan Afrilu.

An ce ruwa ba ya tsami banza.
Wannan ko tsamin ba ya yi, shi ne abin tsoron.
Garau yake kallona,
alhali a ciki igiya na warwarewa zare-zare.
Na'ura kaɗai ke tona masa asiri:
dutsen da ta zana da ƙarfe goma ya sauke kafaɗa,
wani ɗan tudu ya tsiro a gefensa
ba da gayyatar kowa ba.

Sista Chundung ta leƙo, rigar sanyi a kan fararen kaya.
"Malam Tasi'u, wanda muka haɗa wa yaron Bukuru,
jijiya ta ɓuya, mun sha nema.
Awa uku ke nan. In sa, ko in zubar?"

Uban na baranda, na gan shi ɗazu
yana ƙirga canjin buhun dankali da hasken waya.

Na dubi takarda.
Takarda ba ta san kuɗin dankali ba.
Na ce, "Zubar."
Kalmar ta fi kwalbar nauyi.
Sai na laluba aljihu;
gobe na taka da ƙafa zuwa Farin Gada, ba wani abu.

Ta fasa sabo. Ya yi fari kamar tsala,
ta girgiza, ta girgiza, ya washe,
ta tura shi a hankali tun yana da ƙuruciyarsa.

Na koma ga kwalabena.
Na Yola sun yi nisa, na firji na riƙe da alkawari.
Ina rubuta abin da ya rage
sai na ji ta bango, siririyar murya a shaƙe,
wani yana rigimar a ba shi shayi.