Harshen Ƙarfe

Wata ungozoma ce daga Japan, Saciko,
ranar da za ta bar Damagaram ta ba Tsahiru maƙeri
ƴar ƙararrawa, ba ta fi ƙwan zabo ba,
da tsiririn takarda yana lilo a ƙarƙashin harshenta.
Ta ce a garinsu bakin ƙofa ake rataye ta,
iska ta taɓa, kunne ya riga jiki jin sanyi.

Tsahiru ya juya ta a tafinsa mai kanta.
Ya ce, tamu iskar ba gaisuwa ke kawo ta ba,
bara ta ɗauke kwanon ɗakin Barira,
sai a Garin Malam aka tsinto shi.

Ya koma maƙerarsa bayan Kasuwar Dole.
Murfin tukunyar gas, fistan na mataccen babur,
gindin turmin ƙarfe da aka yar,
ya huda, ya goge, ya ƙwanƙwasa
yana ɗora haƙori a kan kowanne.
Takarda ba ta jure damina,
sai ya yanko jar fatar akuya wajen dukawa.

Uku ya rataya kan dutsen gabas da Birni,
inda hadari ke fara leƙo gari.

Ƙaramar bakinta ba linzami,
ko kaza ta miƙe fiffike sai ta tanka.
Ba mai kula ta sai yara.
Ta tsakiya in ta ce ƙwal, ƙwal,
mata su kwashe shanyar barkono da kuɓewa,
mai tsire ya rufe wutarsa.
Babbar kuwa wata biyu tana gum kamar mai gaba,
har samari suka sa Tsahiru a baki wajen shayi.

Daren wata Laraba ta buɗe baki.
Murya daga ƙasan ciki, ta bi lungu-lungu,
ta tashi masu barci a tsakar gida.
Muka ɗora duwatsu kan kwano, muka shigar da awaki,
muka janye tabarmar Iya daga gindin katanga,
katangar da ta zube kafin kiran asuba.

Da hantsi muka je yi masa barka.
Ya bi leɓunanmu da ido, ya murmusa.
Shekara arba'in na guduma da uwar maƙera
sun cinye masa kunne tun tuni.
Ashe a kan dutsen ya kwana, ruwa na dukansa,
tafinsa manne da sandar da ke ɗauke da su,
yana sauraro da ƙashin hannu.