Wat Biyar

Dalyop ya sauke akwatin daga Keke Napep,
ruwan Agusta na bin ƙeyarsa.
Ya ce ran Lahadi, ana tsakiyar waƙa a coci,
jitarsa ta yi tari sau biyu, ta yi shiru,
sai wari.

Warin na sani.
Shekara goma sha tara a Dilimi,
hancina ya riga mita gane gawa.

Na kwance sukurori shida, ɗaya ba na gidan ba ne.
Ga ta nan kusa da gindin kwalba,
resista kamar ƙwayar shinkafar da ta kama tukunya,
ta yi baƙi, ta tsage a ciki.
Da ƙyar na karanta ɗamararta:
ja, kore, ruwan ƙasa.
Om ɗari biyu da hamsin.
Wanda ya sa ta bai yi ƙarya a lissafin launi ba,
rabin wat kawai ya ɗauko,
ya ɗora wa jinjiri buhun dankalin Bokkos.

Marigayi Oga Halilu yakan ce,
yana hura hayaƙin dalma daga fuskarsa:
launi zai faɗa maka abin da za ta tare,
jiki ne zai faɗa maka abin da za ta iya haɗiyewa.

Na juya kwalin ashana, na sa biro.
Bolt ashirin sau ashirin,
a raba da ɗari biyu da hamsin:
ɗaya da ɗigo shida.
Na ninka, domin wuta ba ta da alkawari a garin nan,
kuma janareton coci na da nasa ra'ayin.
Uku da ɗoriya.
Na jawo aljihun tebur, na ɗauko mai biyar,
fara, mai kusurwa huɗu kamar alli.

Dalyop ya ce, Oga, Jos fa sanyi gare ta.
Na ce sanyin Jos a ƙofar akwati yake tsayawa.
Ciki Maiduguri ce, watan Afrilu.

To sa manya ko'ina mana, in ji shi,
in huta.

Na nuna masa wata siririya a ƙafar kwalba,
wat ɗaya, ba ta ƙone ba tukuna.
Wannan ba na ƙara mata ƙiba.
Ran da kwalba ta haukace
ita ake so ta fara faɗuwa,
naira ɗari ta mutu
don taransifomar dubu sittin ta kwana lafiya.
Ya yi shiru. Ni ma na yi,
don na tuna yayana Sidi
da shekarun da ya yi yana biya mana kuɗin makaranta
da tari a ƙirjinsa.

Na ɗaga farar kaɗan daga allo
iska ta samu hanyar bi ta ƙarƙashinta.
Dalma ta kwanta, ta yi sheƙi.

Kwalabe suka yi ja a hankali.
Ya ja tsirkiya ɗaya,
mai walda na maƙwabta ya ɗaga gilashinsa.
Minti ashirin yana kaɗawa, ruwa na amsa masa a kwano.
Na kai bayan yatsa kusa, ban taɓa ba:
ɗumi, kamar kofin shayin da aka manta kaɗan.

Ƙonanniyar na jefa a gwangwanin madara
inda 'yan'uwanta suke.
Ya kusa cika.