Ja da Kore

An yanki tsoka daga huhun Baba Nomau,
ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.
Aka sa ta a kwalba, aka lulluɓe da ƙanƙara,
ta bi motar asuba daga Yawuri,
ta yi nisan da mai ita bai taɓa yi ba.

Mako biyar muna jira.
Shi yana zaune nesa da banda,
inda shekara talatin ya sha hayaƙi
yana juya tarwaɗa da ragon ruwa.
Yanzu ƙamshin ma tari yake sa shi.

Ran Talata Likita Kulu ta shimfiɗa takarda.
'Yan gidaje ne reras, ja da kore,
kamar tabarmar da masaƙi ya yi wa gardama.
Ta ce, ƙwayoyin halitta baki gare su.
Idan sankara ta sauka,
wasu sai ihu, wasu sai su haɗiye harshe.
Ja, masu ihu ke nan. Kore, masu shiru.
Goma sha ɗaya muka saurara.

Na ce, to me suka faɗa?

Ta gyara zaman tabarau.
Cikin mutum goma masu irin wannan saƙa,
shida sun ga damina uku.
Ba ta ƙarasa ba, na yi lissafin sauran da kaina.

Baba ya ce, ni ina cikin shidan, ko cikin huɗun?
Ta ce, Baba, takarda ƙidaya ta iya,
ba ta san sunan kowa ba.

Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.
Ya ce, 'yata, ashe sana'armu ɗaya.
Ni ma in na ga Kwara ta yi jan ido,
tururuwa na jidar ƙwai zuwa tudu,
nakan ce wa mutanen gungu su ɗaure kaya.
Sau da yawa ruwan ya zo.
Wata shekara na kwanar da gari kan tudu,
ruwa bai ko lashi turken akuya ba.
Har yau ana tsokanata a kasuwa.

Ta rubuta magani daidai da jan da ta gani.
Ya ninke takardar huɗu, ya tura cikin hula.

Da muka isa gida bai kwanta ba.
Ya aike ni sayo ƙusa da katako,
ya ce jirgin nan yana shan ruwa ta gindi,
in an yi masa ɗinki mai kyau
zai kai damina uku, watakila huɗu.

Da dare na zare takardar daga hularsa,
na haska fitilar waya,
ina bin gidajen da yatsa.
Na ƙirga ja bakwai.
Na sake ƙirgawa, bakwai ɗin ne.
Ta bayan zana ina jin numfashinsa
kamar zarto cikin ɗanyen icce,
yana shiga, yana fita,
yana shiga.